Tafi da Ƙwarewa: Wa Ya Cancanci Yanke wa Ɗan Wasa Hukunci?

Masu iya magana kan ce ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. To, idan idanu dubu suka taru a zaure guda suna kallon abu guda, shin ƙimar da suka yanke ita ce gaskiya? Wannan ita ce tambayar da muke son tattaunawa, kuma za mu ɗauki misalanmu daga wani nau'in wasan dandamali da ake kira bodabil, wanda ya yi tashe a Amurka daga wajen 1880 zuwa farkon shekarun 1930.

Bodabil jerin wasanni ne takwas ko tara, kowanne na minti goma zuwa ashirin, ba abin da ya haɗa su sai dandamali: ga mawaƙi, ga mai rawa, ga ɗan dabo, ga masu alkafura, ga mai wasa da karnuka, ga mai ba da dariya. Kamar dai a tara 'yan kama da 'yan hoto da gardawa wuri guda, a ce kowa ya fito ya nuna tasa bi da bi. A 1881 Tony Pastor ya buɗe gidan wasansa a birnin Niyok, ya tsabtace wasannin domin mata da yara su iya shiga. Daga baya B. F. Keith da Edward Albee suka mayar da abin babbar sana'a, da gidajen wasa birni-birni. Dubban mutane ke ci da ita, kuma abincin kowannensu ya rataya a kan hukuncin da wani zai yanke masa.

Alƙalai uku ne ke yanke wannan hukunci. Na farko shi ne manajan gidan wasa. A gidajen Keith, manaja kan kalli wasan farko na ranar Litinin, ya rubuta rahoto a kan kowane ɗan wasa: minti nawa ya yi, yaya aka karɓe shi, me ya kamata a cire. Littattafan waɗannan rahotanni suna nan a ajiye a Jami'ar Ayowa. Matsayin mutum a jerin ma hukunci ne. Masu wasan da ba magana su ke buɗe fage, tun jama'a na neman kujera. Tauraro shi ke zuwa na biyun ƙarshe. Na ƙarshe kuwa yana wasa mutane na ficewa.

Na biyu shi ne ɗan jarida. Sime Silverman ya rasa aikinsa a wata jaridar Niyok saboda ya soki wasan wani da ya biya kuɗin talla a jaridar, sai ya kafa mujallar Variety a 1905. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana yadda alƙalami ke iya karkata wajen aljihu.

Na uku su ne 'yan kallo, da tafinsu da ihunsu. A daren 'yan koyo har doguwar sanda mai ƙugiya ake ajiyewa, in aka yi wa mutum ihu a jawo shi daga dandamali. Idan muka lura, manaja ba ya yin komai illa ƙirga tafin waɗannan. Ashe ke nan su ne babban alƙali, kuma su ya kamata mu bincika.

Mu ɗauki 'yan'uwan nan mata da ake kira Cherry, 'yan ƙauye daga jihar Ayowa. Kowa ya yarda ba su iya waƙa ba, ba su iya rawa ba. Duk da haka, da Oscar Hammerstein ya kawo su Niyok a 1896, gidan wasan cika yake yi maƙil, domin mutane na zuwa ne su yi musu ihu, su jefe su da kayan miya. Da jaridar Des Moines Leader ta buga wani sharhi mai zafi a kansu, sai suka kai ƙara. A 1901 Kotun Ƙolin Ayowa ta yanke cewa duk wanda ya fito gaban jama'a da wasa, ɗan jarida yana da 'yancin sukarsa. Kotu ta warware maganar shari'a, amma ta bar mana ta lamiri. In cikar zaure ce ma'auni, to waɗannan mata gwanaye ne. In kuwa ba gwanaye ba ne, me mutane suka biya kuɗi suka je saye? Wulakancin ɗan Adam suka saya.

Misali na biyu ya fi ciwo. Bert Williams, baƙar fata da aka haifa a Bahamas a 1874, gwani ne da ba a jayayya a kansa. Da ɗaga gira ko ɗan jinkiri kafin kalma yakan sa zaure ya ɓarke da dariya. Ya yi wasa a fadar Sarkin Ingila a 1903, ya shiga babban wasan Ziegfeld a 1910. Amma sai ya shafa baƙin shuni a fuska, ya fito a siffar wawan da Turawa ke son gani, kafin a tafa masa. Abokin aikinsa Eddie Cantor ya ruwaito cewa a otal ta ƙofar baya ake sa shi hawa ɗakinsa, alhali tafin bai gama fita daga kunnensa ba. Haƙorin dariya shi ke cizo. A nan 'yan kallo sun gane gwani, amma sun gindaya masa sharaɗin ya sayar da mutuncinsa.

Kada a ɗauka muna cewa tafi banza ne. Ɗan bodabil kan yi shekaru yana maimaita wasa guda gari-gari, yana yanke abin da bai ci ba, yana ƙara abin da ya ci. A wannan makaranta Buster Keaton da Houdini da Bill Robinson suka goge. Tafi dutsen wasa wuƙa ne, sai dai dutsen bai san abin da za a yanka da wuƙar ba. Saboda haka muna ganin mai hukunci na gaskiya sai ya yi wa kansa tambayoyi uku. Shin abin da na gani yana buƙatar horo da basira, ko kowa ma zai iya? Shin ina dariya tare da mai wasan ne, ko shi nake yi wa dariya? Sa'an nan, mutuncin wa aka taka kafin in ji daɗi? 'Yan Cherry sun faɗi a tambaya ta farko. Masu kallonsu sun faɗi a ta biyu. Masu tafa wa Williams sun faɗi a ta uku.

Fim mai magana ya shigo a 1927, kuma a 1932 gidan Palace na Niyok, wanda shi ne burin kowane ɗan bodabil, ya koma gidan silima. A 2014 aka nuna wani fim na Williams da aka ɗauka a 1913 ba a kammala ba. Wanda ya kalle shi a yau yakan yaba wa gwanintar mutumin, ya kuma ji kunyar zamanin da ya tilasta masa shafa shunin. Wato hukuncin ya juyo kan alƙalan. Mu ma 'yan kallo ne, a zauren jami'a ko a gaban allo, kuma na bayanmu za su auna mu da abin da muka tafa wa da abin da muka yi wa dariya.