Ƙarya Domin Ceton Rai: Abin da Ya Faru a Le Chambon

A kowane gidan masu bi, ɗaya daga cikin abubuwan farko da iyaye ke koya wa yaro shi ne kada ya yi ƙarya, kuma koyarwar daidai take. Amma akwai wata tambaya da yaro mai wayo yakan jefo wa mahaifinsa, mahaifin ya rasa ta cewa. Idan mutum ya gudo ya shigo gidanka ka ɓoye shi, sai masu neman ransa suka ƙwanƙwasa ƙofa suka tambaye ka ko yana ciki, me za ka faɗa musu? A lokacin zaman lafiya ana iya kwana ana gardama a kanta, kowa ya tashi ya tafi gida lafiya. Akwai kuwa wani ƙauye a ƙasar Faransa da ya yi shekara huɗu yana amsa wannan tambaya da ran mutane a hannunsa.

Sunan ƙauyen Le Chambon-sur-Lignon. Yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,000 a kudancin tsakiyar Faransa, wuri mai tsananin sanyi, mutanensa a wancan lokaci yawanci manoma ne marasa ƙarfi. Akasarinsu 'yan Furotesta ne, jikokin waɗanda aka tsananta wa bayan da Sarki Luwi na 14 ya soke dokar da ta ba su 'yancin sujada a 1685. Kakanninsu sun yi sujada a ɓoye cikin jeji, sun ɓoye fastocinsu a rumbuna. Saboda haka ɓoye wanda hukuma ke farauta ba baƙon abu ba ne a tarihinsu.

A ranar 22 ga Yuni 1940 Faransa ta sa hannu a yarjejeniyar ajiye makamai da Jamus ta Hitila. Aka raba ƙasar, aka bar kudu a hannun gwamnatin Marshal Pétain mai zama a garin Vichy, wadda ta shiga kafa dokokin ware Yahudawa tun kafin Jamusawa su matsa mata. Washegarin sa hannun, ranar Lahadi, Fasto André Trocmé da abokin aikinsa Édouard Theis suka gaya wa ikilisiya cewa duk umarnin da ya saɓa wa bishara za su ƙi shi, amma ba tare da ɗaukar makami ko ƙiyayya ba. A lokacin sanyin da ya biyo baya wata Bayahudiya 'yar Jamus ta zo ƙofar gidan fasto cikin dusar ƙanƙara, matarsa Magda ta shigar da ita. Daga nan baƙi suka yi ta zuwa, da yawa a ƙaramin jirgin ƙasa da ke hawowa tudun, ana rarraba su gonaki da gidajen kwanan ɗalibai, wasu kuma a bi da su ta ɓarauniyar hanya zuwa Suwizalan. Masana tarihi sun sha bamban kan yawan waɗanda aka ɓoye a wannan ƙauye da maƙwabtansa. Adadin da aka fi ambata shi ne kimanin 5,000, fiye da rabinsu Yahudawa, yara da yawa a cikinsu. A dai wannan lokaci an kwashe Yahudawa kusan 76,000 daga Faransa zuwa sansanonin kisa, kaɗan ƙwarai suka dawo.

Abin da ya fi ba ni mamaki a labarin shi ne yadda mutanen suka ƙi musun abin da suke yi. A Yuli 1942 'yan sandan Faransa suka kama Yahudawa kusan 13,000 a birnin Faris cikin kwana biyu. Wata guda bayan haka, sa'ad da jami'in Vichy mai kula da matasa, Georges Lamirand, ya ziyarci ƙauyen, ɗalibai suka miƙa masa wasiƙa hannu da hannu. A ciki suka sanar da shi cewa akwai Yahudawa a tsakaninsu, kuma idan aka zo kama su za su yi iyakar ƙoƙarinsu su ɓoye su. Da hukuma ta nemi fasto ya kawo jerin sunaye, bai ce babu kowa ba. Ya ce ba zai bayar ba. 'Yan sanda suka zo da motocin safa, suka yi ta bincike gida gida, suka koma kusan hannu wofi, domin an riga an kai baƙin cikin daji.

Wannan hanya, wato ka ƙi faɗa amma kada ka yi ƙarya, tana da daɗaɗɗen tarihi a cikin ikilisiya. Agustin na Hippo, wanda ya rasu a 430, ya rubuta littattafai biyu a kan ƙarya, ya kuma tsaya a kan cewa ba ta halatta ko domin ceton rai. Misalin da ya kawo shi ne na Firmus, bishop na Tagaste a ƙasar da ake kira Aljeriya a yau. Wani mutum ya nemi mafaka a wurinsa, manzannin sarki suka zo nemansa, bishop ya ce ba zai yi musu ƙarya ba, ba zai kuma bashe shi ba. Aka azabtar da shi bai sauya magana ba, har a ƙarshe ya samo wa mutumin gafara daga wurin sarki. Game da ungozoman Ibraniyawa da suka ruɗi Fir'auna a Fitowa sura 1, da Rahab wadda ta ɓoye 'yan leƙen asiri a Joshuwa sura 2, Agustin ya ce jinƙansu Allah ya saka wa, ba yaudararsu ba. Masanin falsafa na Jamus, Immanuel Kant, ya riƙe irin wannan ra'ayi a 1797, har ya ce ko mai kisan kai ne ya zo neman abokinka ba ka da izinin yi masa ƙarya.

Ina girmama Firmus ƙwarai, amma hanyarsa tana aiki ne a inda shirun mutum shi kaɗai zai cutar. A Faransa ta lokacin yaƙi shiru bai isa ya ciyar da yaro ba. Burodi da sukari da nama da takalmi duk da katin rabo ake samunsu, katin kuwa dole ya ɗauki suna. Daga Disamba 1942 doka ta ce a buga hatimin da ke nuna mutum Bayahude ne a kan katin shaidarsa da katin abincinsa, kuma tun Nuwamba na wannan shekara sojojin Jamus sun mamaye kudu. To, manomiyar da ta karɓi yara uku a gidanta, da me za ta ciyar da su? Idan ɗan sanda ya tare yaro a tashar jirgi ya ce ya nuna takarda, shirun yaron shi ne zai tona shi. Dole aka shiga yin takardun jabu. Wani saurayi Bayahude mai suna Oscar Rosowsky ya yi ta buga su a wata gona, yana ɓoye kayan aikinsa a cikin amyar zuma. Yara suka haddace sababbin sunaye da sababbin garuruwan haihuwa, mutanen da suka girma suna ƙin ƙarya suka riƙa kiran su da sunayen da ba nasu ba.

A ganina sun yi daidai. Gaskiya amana ce tsakanin mutane, ana faɗinta domin zama tare ya yiwu. Wanda ya zo tambaya domin ya sami wanda zai yanka ya riga ya karya wannan amana, amsar da yake nema kuwa wuƙa ce yake so a miƙa masa. Wanda ya miƙa ta domin ya tsare tsabtar bakinsa, ya sayi kwanciyar lamirinsa ne da jinin wani. Littafin Ibraniyawa da na Yakubu duka sun ambaci Rahab cikin waɗanda aka yaba, kuma yana da wuya a raba karɓar baƙin da ta yi da maganar da ta faɗa wa masu nemansu, tun da ba don maganar ba da an kama su. Mu ma a nan ƙasar mun san nauyin wannan ƙofa. A Yuni 2018, a ƙauyen Nghar cikin ƙaramar hukumar Barikin Ladi ta Jihar Filato, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye mutane fiye da 200, yawancinsu Kirista, a masallaci da gidansa, ya tsaya a gaban maharan ya ƙi ba da su.

Sai dai akwai rami a gefen wannan hanya, kuma Agustin ya hango shi tun da wuri. Da zarar an ce akwai ƙaryar da ta halatta, kowa sai ya ga tasa ce. Uban da ya rage wa ɗansa shekaru a takardar haihuwa zai ce taimako ya yi. Ma'ajin da ya gyara rasit zai ce domin aikin Ubangiji ne. Mai sayar da hatsi da ya rantse a kan farashin da bai saya ba zai ce iyali yake ciyarwa. Zuciyar mutum ba ta rasa hujja, kuma babu makaryacin da bai taɓa ɗaukar kansa Rahab ba.

Nan ne halin Fasto Trocmé ya zama abin dubawa da kyau. Bai taɓa sakin jiki da takardun jabu ba. Ya yarda da su domin babu wata hanya, amma bai daina jin nauyinsu ba, bai kuma mai da su abin alfahari ba. A Fabrairu 1943 'yan sanda suka zo kama shi. Lokacin cin abincin dare ne, sai Magda ta gayyace su su zauna su ci. Aka tafi da shi tare da Theis da shugaban makarantar ƙauyen, Roger Darcissac, zuwa wani sansani kusa da Limoges. Bayan 'yan makonni aka ce za a sake su idan sun sa hannu a takardar alkawarin biyayya ga gwamnatin Pétain. Sa hannu ne kawai, wanda mutane da yawa suka yi ba da zuciya ɗaya ba, kuma matarsa da 'ya'yansa huɗu suna jiransa a gida. Shi da Theis suka ƙi, domin ba za su yi alkawarin da suka san ba za su cika ba. Mutumin da ya bari a rubuta sunan ƙarya domin ɗan wani ya rayu, ya ƙi rubuta sunansa na gaskiya a ƙarƙashin alkawarin ƙarya domin ya kuɓutar da kansa. Aka sake su duk da haka a watan Maris.

Labarin bai tafi sumul har ƙarshe ba. Daga baya cikin 1943, da aka sami labarin ana neman ransa, shi ma ya shiga ɓuya da takarda mai ɗauke da wani suna. Bisa ga abin da ya ba da labari daga baya, an taɓa tsare shi a tashar jirgin ƙasa ta Lyon, ya yanke a ransa cewa idan aka tambaye shi baki da baki ko wane ne shi, gaskiya zai faɗa. Allah ya sa ya sami hanyar fita kafin a kai ga tambayar.

Ɗan'uwansa Daniel Trocmé bai sami irin wannan hanya ba. Shi ne ke kula da gidan kwanan ɗalibai da ake kira Maison des Roches. A ranar 29 ga Yuni 1943 'yan sandan Jamus suka dira a gidan suka kama ɗalibai 18, suka haɗa da shi, ya kuwa ƙi rabuwa da samarin da aka ba shi amanarsu. Ya rasu a sansanin Majdanek a ƙasar Folan a 1944, bai kai shekara 32 cikakku ba. A 1990 cibiyar Yad Vashem ta Urushalima ta karrama ƙauyen da maƙwabtansa gaba ɗaya. Da yawa daga cikin manoman da suka ɓoye yaran ba su san sunayensu na ainihi ba sai bayan da yaƙi ya ƙare.