Fijo Bayan An Sauke Inji: Ita Ce, Ko Wata Ce?

Sauke injin tsohuwar Fijo 504 aiki ne da kanikawan Gusau suka gada tun zamanin da ita ke riƙe da hanyar da ta taso daga Funtuwa, ta ratsa Tsafe da Gusau da Bunguɗu, ta miƙe Sakkwato. A Faransa motar ta fara fitowa a 1968. Kamfanin PAN na Kaduna ya soma harhaɗa ta a 1975, shekarar da ta lashe tseren Safari a Kenya, kuma samfurinta mai ƙofa biyu ya sake lashewa a 1978. Irin wannan mai ƙofa biyun ne Turawa ke killacewa a garejin gida don tarihi. Waɗanda suka rage a Zamfara kuwa neman abinci ake yi da su.

Idan inji ya buga, batir ake fara cirewa, a tsiyaye baƙin mai da ruwa, a ɗauke bonet da lagireto. Sai a bi wayoyi da tiyon mai da salansa a raba su da injin, a kwance notocin da suka haɗa shi da giya da waɗanda suka zaunar da shi a jikin mota. Daga nan a rataya shi da sarƙa a ƙarfe mai ƙafa uku, ko a reshen bishiya mai ƙwari, yaran gareji su ja a hankali, don a karkace yake zaune, yana iya lilo ya daki abin da bai kamata ba. Ko dai a farke shi a sa sabon fistin da ringi, ko a sayo wani ɗan Beljiyam daga Ƙofar Ruwa a Kano.

A nan tambayar ke tasowa. Motar da aka sauya wa inji bana, giya bara, ƙofofi da kujeru shekarun baya, ita ce wadda aka saya da fari? Girkawa sun daɗe da cin karo da wannan. Fulutak ya ba da labarin jirgin ruwan Tisiyas, wanda mutanen Atina suka adana suna sauya katakon da ya ruɓe ɗaya bayan ɗaya, har masana suka rabu biyu a kan ko shi ne ko ba shi ba. A 1655 Tomas Hobs na Ingila ya ƙara dagula lissafin: in wani ya tattara tsofaffin katakan ya haɗa jirgi na biyu, wanne ne na asali? A gareji wannan ba tatsuniya ba ce, domin injin da aka sauke yakan sami gyara ya shiga wata motar, ya ci gaba da zirga-zirga a hanya ɗaya da uwar jikinsa ta dā.

Hukuma ta yanke nata hukuncin a takarda: lambar shasi ita ce mota, lambar inji ana iya sabunta ta. Wannan ya wadatar wa ɗan sanda, amma bai amsa tambayar ba.

Akwai masu cewa inji shi ne ran mota, har a ji misalin a bakin mai wa'azi. Misalin gurgu ne. Ana sauya inji sunan motar da mai ita ba su sauya ba, alhali mutum da ruhinsa ba a raba su a ce shi ne ya rage. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya kafa hujja da mutumin da aka ƙaddara an halitta shi yana shawagi a sarari, ba ya gani ba ya taɓa komai, amma ya san akwai shi. Mota ba ta da wannan sanin, ɗayantakarta a zukatan masu ita take. Aya ta 85 a Suratul Isra'i kuma ta mayar da sha'anin ruhi ga Ubangiji, don haka auna shi da ƙarfe ƙarfin hali ne.

Fiƙihun Malikiyya ya bi wata hanya dabam, kuma ita ta fi amfani ga mai mota. Bai tsaya neman haƙiƙanin abu ba, haƙƙin da ke rataye da shi ya duba. A Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan malaman Gusau, idan ciniki ya ɓaci, sannan hajar ta sauya a jikinta ko farashinta ya motsa a hannun mai saye, ba ita zai mayar ba, ƙimarta ta ranar da ya karɓa zai biya. Ke nan shari'a ta yarda abu yana iya sauyawa har ya daina zama wanda aka yi ciniki a kansa, ko da sunansa na nan. Haka wanda ya sayar da mota a kan injinta na asali ne alhali an sauya, ko ya ɓoye cewa ya taɓa bugawa, ya shiga babin algus, kuma mai saye yana da zaɓin riƙewa ko mayarwa.

Inda aka yi aikin ma yana sauya hukunci. Mai sana'ar da ya buɗe wa jama'a ƙofa, ya karɓi kaya ya keɓe da su, shi ke da lamuninsu in sun ɓace ko sun lalace, sai fa in shaidu sun tabbatar ba da sakacinsa ba ne. Malamai sun ɗora masa haka don kare dukiyar mutane, ba don ana tuhumar kowane bakanike ba. Amma idan a gidan mai motar aka sauke injin, ko a gabansa, lamunin ya faɗi sai an ga ganganci ko sakaci. Tsohon injin da aka sauke kuma, da karanshaf ɗinsa da notocinsa, yana nan mallakin mai mota har sai ya sayar ko ya bayar da bakinsa, komai daɗewarsa a gefen gareji.