Haƙuri a Renon Tsiron Lithops

Lithops ƙaramin tsiro ne mai tara ruwa a jikinsa, ɗan asalin busassun yankunan Namibiya da Afirka ta Kudu da wani ɓangare na Botswana. Ganye biyu kacal gare shi, masu kauri, manne da juna, binne a ƙasa sai samansu da ke leƙowa, launinsu ya saje da tsakuwar wurin. A 1811 masanin tsirrai ɗan Ingila, William Burchell, ya tsinci ɗaya a yankin Prieska a zaton dutse ne, sai ya tarar tsiro ne. Renonsa daga iri ba ya yiwuwa sai da haƙuri, kuma ba irin haƙuri ɗaya aikin yake nema daga farko har ƙarshe ba.

A daji, kwanson irin ba ya buɗewa sai ruwan sama ya jiƙa shi. Da ya bushe sai ya sake rufewa, ya riƙe sauran ƙwayoyin har wani ruwan. Ƙwayoyin nan ƙanana ne ƙwarai, don haka ba a binne su. Ana barbaɗa su a kan yashi mai tsakuwa a cikin kasko, a rufe kaskon da leda ko gilashi, a ajiye inda haske yake amma rana ba ta duka, dare kuma da ɗan sanyi. Wasu sukan fito cikin mako guda, wasu sai bayan wata. Wanda ya ƙosa ya zubar da kaskon a mako na biyu, rayayyen iri ya zubar.

Watannin farko na ɗawainiya ne. Jaririn tsiro ba ya jure bushewa, danshi kuma in ya yi yawa fumfuna ta cinye shi. Sai feshi kaɗan-kaɗan, da ɗaga murfi a hankali har ya saba da iska. Haƙuri a nan shi ne maimaita ƙaramin aiki kullum ba tare da ganin wani canji ba.

Mafi wuya yana zuwa bayan tsiron ya girma. Kowace shekara sababbin ganye biyu sukan taso daga tsakiyar tsofaffin, suna tsotse ruwansu har su yamushe su koma busasshiyar fata. A tsawon watannin nan ba a ba shi ruwa ko ɗigo. Ga ido, tsiron kamar yana mutuwa ne, kuma hannu yakan kai ga buta da kansa. In aka zuba, tsofaffin ganyen su ƙi bushewa, jikin ya kumbura ya tsage ko ya ruɓe. Abin lura shi ne mai gaggawar zuba ruwan ba mugu ba ne, ba kuma malalaci ba. Tausayi ne ya motsa shi. Sai dai sau da yawa tausayin na kansa ne: zuciyarsa ce ba ta iya ɗaukar kallo ba, ya yi wani abu don ta huce. Mai haƙuri yakan bar damuwar ta zauna a ransa, domin ya san abin da ke gudana a cikin tsiron. Shi ya sa sani ke gaba: wanda bai san lokacin sauya ganye ba, barin tsiron ba ruwa sakaci ne ko da ya dace.

Fure, fari ko rawaya, mai buɗewa bayan azahar, yakan zo ne bayan shekara uku ko huɗu, kuma galibi sai an haɗa tsiro biyu kafin a sami iri. Masu ƙin wannan jira su ne kasuwar masu tono manyan tsirrai daga daji ba bisa ƙa'ida ba, sana'ar da ta yi ƙamari a Afirka ta Kudu tun wajen 2019, musamman a kan danginsa Conophytum, har hukumomi suka ƙwace dubbai daga hannun masu fasa-ƙwauri.