Kafin Mu Miƙa Makullin Ɗaki



A ƙarshen littafin Ayyukan Manzanni an gaya mana cewa Bulus mai tsarki ya yi shekara 2 a birnin Roma yana zaune a gidan haya. Littafin bai faɗi sunan mai gidan ba, amma ya kamata mu ɗan tsaya a kansa. Wanda ya zo ƙofarsa baƙo ne, haifaffen Tarsus, ba shi da iyali, yana da shari'a a gaban Kaisar, ga soja yana tsaronsa, baƙi kuma ba sa yanke masa. Da a Dagumawa ko cikin garin Wudil ya sauka, mu nawa ne za mu ba shi makulli?

Tambayar ta shafe mu, domin ƙasar Wudil ta zama masaukin baƙi. Tun da aka buɗe Jami'ar Kimiyya da Fasaha a 2001, wadda yanzu take ɗauke da sunan Aliko Ɗangote, ɗalibai suke neman ɗaki. Ga Makarantar 'Yan Sanda da ma'aikatanta, ga fatake masu zuwa kasuwar shanu ta Juma'a. Kaɗan daga cikinmu Allah ya hore musu sun gina ɗakuna, mafi yawanmu kuwa 'yan haya ne.

Bincike kafin ba da ɗaki ba laifi ba ne. Ba mu manta da ranar 20 ga Janairu 2012 ba, lokacin da aka kai hare-hare a Kano aka kashe mutane da yawa. Bayan haka jami'an tsaro sun rushe wasu gidaje da aka sami 'yan bindiga a ciki. Mai gidan da ya karɓi kuɗi daga hannun dillali, bai ko ga fuskar wanda zai kwana a gidansa ba, ya sa maƙwabtansa cikin haɗari, kuma alhakinsu yana wuyansa. Saboda haka mu tambayi cikakken suna da katin shaidar ɗan ƙasa, mu san sana'ar mutum da inda ya taso, a sami wanda zai tsaya masa, a kuma kai shi gaban mai unguwa ya san da zamansa. In ɗalibi ne, ya nuna katin makaranta. Mai gaskiya ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi.

Amma akwai wasu tambayoyin da muke cusawa a ciki, mu laƙaba musu sunan bincike. Wace ƙabila ce? Ina mijinki? 'Ya'ya nawa? A nan ne ya kamata kunya ta kama mu. Wane ne a cikinmu bai taɓa jin zafin a gama ciniki, a ji sunansa na baftisma, sai a ce ɗakin an riga an kama ba? Mun san ɗacin abin, mun kuma kawo ƙararsa gaban Allah. Ga shi yau wasunmu da suka zama masu gida suna auna wa wasu da mudun nan. Suna kore Musulmi don addininsa, suna kore ɗan'uwansu Kirista don yarensa dabam ne. Gwauruwa mai 'ya'ya 4 takan yi yawo har takalminta ya tsinke, kowa yana cewa yara za su ɓata bango. Budurwa mai aikin asibiti kuwa, tun kafin ta buɗe baki an yanke mata hukunci. Tsarin mulkin 1999, a sashe na 41, ya ba kowane ɗan Nijeriya izinin zama a duk inda ya so a ƙasar nan. Ko da ba wanda zai kai mu kotu, wannan abu ne da za mu faɗa wa Fada a wurin furta zunubi, domin halin mutum ne ake bincike, asalinsa kuwa ba shi ya zaɓa ba.

Sa'an nan dokar da muke so ɗan haya ya bi, mu ma ta hau kanmu. A rubuta yarjejeniya, a karanta ta da harshen da kowa yake ji, a gaban shaidu. Kowane kuɗi da aka karɓa a ba da rasit. In zama ya ƙi, ƙa'idar da kotunan ƙasar nan suka saba bi, idan yarjejeniya ba ta ce wani abu dabam ba, ita ce notis na wata 1 ga mai biya wata-wata, wata 6 ga mai biya shekara-shekara, sa'an nan ƙarin kwana 7 kafin a shigar da ƙara. Alƙali ne kaɗai yake da ikon ba da umarnin fitar da mutum. Yaye kwano da damina, cire ƙyaure, yanke wuta, watsar da tukwanen mace a waje, duk ɗaukar doka ne a hannu, ko da bashin gaskiya ne.

Mai cewa "gidana ne, in yi yadda na so" ya duba takardar filinsa. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar jiha amana ce a hannun Gwamna, abin da ake ba mutum izinin zama ne kawai. Littafin Firistoci, sura 25, ya riga ya koya wa Isra'ilawa cewa ƙasa ta Allah ce, su masu zaman aro ne a kanta.

Mu 'yan haya kuma kada mu ce yau wa'azi ya tsallake mu. Wanda ya ce shi kaɗai ne, ya kwaso mutum 6, ya yi ƙarya. Wanda yake da kuɗin anko amma ba shi da na haya, yana sauya hanya in ya hango mai gida, ya riƙe haƙƙin wani. Sau da yawa mai gidan nan tsoho ne da ya zuba kuɗin sallamarsa a ginin, da shi yake sayen magani. In abin ya gagara, a je da wuri tare da katikis ko wani dattijo, a faɗi ranar da za a iya biya, a rubuta ta a bayan rasit.