Kafin Ka Sayi Inji, Ɗana

Ɗana, ko an yaye ka ne daga hannun maigidanka, ko kuwa ma'aikaci ne kai mai sha'awar taɓa aikin katako ranakun hutu, na san abin da ke ranka: inji. Kana ganin da zarar ka ajiye injin yanka da na goge katako, ka zama kafinta. Dakata tukuna. Wurin da kake shirin buɗe shagon nan gida ne, da mata da yara a ciki, da maƙwabta a bayan katanga, kuma wannan ne zai yanke maka hukunci a kan kusan duk abin da za ka yi.

Fara da zaɓen wuri. Kada ka kafa benci a tsakar gida don kawai akwai fili. Nan ake shanya, nan ake girki, nan yara ke yawo ba takalmi, ƙusa kuwa ba ta san ɗan maigida ba. Soro ya fi, ko rumfar kwano a jikin katanga mai ƙofa ta waje, yadda mai kawo aiki zai same ka ba tare da ya keta iyalinka ba. Kuma ka auna da katako, kada ka auna da ido. Katakon kasuwa tsawonsa ƙafa 12 ne, falankin filawud kuma ƙafa 4 ne a ƙafa 8. Idan ba za ka iya shigo da su ka juya ba tare da ka doki bango ba, ɗakin ya yi maka kaɗan, ko da sabon fenti aka yi masa. Ka nemi haske da iska mai ratsawa, taga nan taga can.

Kuɗinka na farko benci ne ya kamata ya ci su. Ka yi shi da hannunka, da katako mai nauyi, ƙafafu masu kauri, tsayinsa ya zo daidai wuyan hannunka in ka miƙe tsaye ka saki hannu. Ka ture shi da ƙarfi. In ya yi rawa, ba a gama ba. Benci mai rawa yana sa zarto ya kauce wa layi, kai kuma ka yi ta zargin hannunka. Ka jingina shi inda hasken taga ke sauka, ka kafa allo a bangon da ke gabansa, ka rataye zarto, guduma, sikwaya, magagari, filaya da sukundireba, kowanne da ƙusarsa. Ka zana siffar kowane ɗaya a jikin allon da fensir. Da yamma kallo ɗaya ya ishe ka ka san wanda bai dawo ba. Masu kaifi, irin su cizal da bakin filen, akwati mai kwaɗo ne wurinsu, don ranar da ka je sallar Juma'a ranar ce ƙaramin ɗanka zai gwada zama kafinta.

Yanzu bari in daɗe a kan katako, don a nan ne yawancin sababbi ke zubar da mutuncinsu. Akasarin abin da ka gani jibge a 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano, ko a kasuwar garinku, daga dazukan kudu aka ɗauko shi: loko, afara, obece, melina. Can ƙasar ruwa ce, kuma sau da yawa katakon yana isowa da sauran danshi a jikinsa. Ka saya yau, ka haɗa ƙofa gobe, ta yi kyau, mai ita ya biya yana murna. Sai hunturu ya busa. Iskar ta tsotse ruwan da ke ciki, katakon ya tsuke, mahaɗa ta buɗe baki, fuskar ƙofar ta tsage ko ta murɗe. Mai ƙofa ba zai ce laifin hunturu ba ne, sunanka zai kira. Akasin haka kuma yana faruwa: ƙofar da ka yi cif-cif da bazara, ba ka bar mata ɗan sarari ba, da damina za ta kumbura ta ƙi rufuwa.

Saboda haka ka ware wa katako wurin hutawa tun kafin ka sayo shi. Inuwa, ba rana ba, don rana tana busar da waje ta bar ciki, sai ya tsage. Ka ɗaga shi daga ƙasa a kan bulo, saboda gara da ruwan damina. Ka jera shi a kwance, tsakanin kowane layi da na samansa ka saka 'yan sanduna masu kauri ɗaya, kowacce a saitin ta ƙasanta, don iska ta bi ta tsakani. Ka ɗora nauyi a sama. Kada ka jingina shi a bango a tsaye, zai lanƙwashe. Ka rubuta ranar da ka saye shi a bakinsa, ka fara da wanda ya fi daɗewa. Masassaƙan da suke yi mana turmi da kirya da kujera 'yar tsugunno sun san wannan tun kafin zarto ya zo ƙasar nan. Af, in wani ya kawo maka madobiya da araha, ka tambayi inda ta fito. An sare ta ba tausayi a dazukan Taraba da kewaye ana kai wa Sin, har aka sa ta cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe tun 2017.

Sai wuta, iri biyu. Tina da fenti da banis ba sa shiri da murhu, don tururinsu kaɗai yana kamawa, ka ajiye su a rufe, nesa da madafa. Tsumman da ka shafa mai da shi kada ka dunƙule shi ka jefa cikin dusar katako, ka shanya shi a waje ya bushe. Dusar kanta ka share ta kullum ka zuba a buhu. Masu kiwon kaji suna neman ɓawon da filen ke fitarwa don shimfiɗa. Ka sa takunkumi in kana goge loko, ƙurarsa tana sa ƙaiƙayi, tana kuma tayar da asma. Ka ajiye bokitin yashi a bakin ƙofa. Wutar lantarki kuwa, ka kira mai aikin waya ya ja maka layi na kanka da makashinsa, ka bar wannan ɗabi'a ta cusa tsirarar waya a soket da tsinken ashana. Janareta a waje yake zama, nesa da tagar ɗakin kwana, hayaƙinsa yana kashe mutum yana barci.

In ka kammala waɗannan, kuɗi suka ragu, to sayi injinka. Ƙaramin injin huda da na yanka na hannu sun ishe ka farawa, manyan yanka kuma ka biya masu inji a kasuwa su tsaga maka. In an ɗauke wuta kana tsakiyar aiki, ka kashe injin ka zare shi nan take, kada a dawo da ita hannunka na kan baki.

Maƙwabcinka kuma ka shiga ka gaishe shi tun kafin ya ji ƙarar farko. Ka tambaye shi ko akwai tsoho ko maras lafiya a gidan, ku yi magana a kan lokaci. Bayan azahar mutane na son su ɗan kishingiɗa, wannan lokacin ka bar shi don awo, zane da wasa cizal. In ya aiko yaro aron guduma, ka ba shi, amma ka ajiye wata tsohuwa ta musamman don wannan, kada ka ba da wadda kake cin abinci da ita.