Gandoki da Waɗanda Dokinsa Ya Taka

Shin ya dace mutanen da aka ci da yaƙi su rarrashi zukatansu da labarin nasarar da ba ta auku ba? In kuwa ya dace, a kan wa za a ci wannan nasara? Tambayoyin nan biyu su ne Gandoki na Malam Muhammadu Bello Kagara ya bar ni da su. Ina ƙaunar littafin ƙwarai, kuma akwai wuraren da nake karanta shi zuciyata na ƙuna.

Gandoki yana cikin littattafai biyar da aka zaɓa daga gasar ƙagaggun labarai ta 1933, wadda Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya. Abokan tafiyarsa su ne Ruwan Bagaja, da Shaihu Umar, da Idon Matambayi, da Jiki Magayi. Kashin farko na labarin a kan tarihi aka gina shi: jarumin yana cikin mayaƙan Sarkin Sudan na Kwantagora, Ibrahim Nagwamatse, ya ga faɗuwar Bida da Kwantagora a 1901, ya kuma bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi, inda aka yi gumurzun ƙarshe a 1903. Daga nan labarin ya rabu da tarihi. Gandoki da ɗansa Garba Gagare suka faɗa duniyar aljanu da ƙasashen gabas, suna yaƙi bayan yaƙi, ba mai iya tare musu gaba. Littafin ba shi da kauri in an gwada shi da labaran yaƙi masu juzu'i da yawa da ake bugawa a Kano a zamaninmu, amma tafiyarsa doguwa ce, kuma shi ne kakansu.

Abin da ya fara kama ni shi ne harshensa. Hausa ce da aka ƙera don kunne, mai kirari da zuga, wadda in ana karanta ta a zaure sai ka ga dattawa sun gyara zama. Mu da muka tashi a Rimaye mun san yadda kalangu da kirari ke sa matsoraci ya ji kamar ya tari zaki, to haka shafukan nan suke yi wa mai karatu. Akwai kuma ƙarfin hali a ciki. Ofishin Turawan mulki ne ya buga littafin, shekara talatin kacal bayan Burmi, ga shi kuwa jaruminsa yana tsaye gaban bindigar Nasara bai sunkuya ba. Marubucin yana yaro aka yi waɗannan yaƙe-yaƙe, saboda haka ya san ciwon da yake yi wa magani.

Damuwata ta farko ita ce wannan tsalle daga Burmi zuwa ƙasar aljanu. Takobin da ya kasa wa bindiga a gida, sai ga shi yana sare dubbai a inda babu mai shaida. Mai tsananta hukunci zai ce gudu ne, kuma al'ummar da ta saba da cin nasara a mafarki za ta yi sakaci da neman ta a farke. Na auna wannan zargi, ban same shi cikakke ba. J.R.R. Tolkien, wanda ya ga yaƙin Somme a 1916 kafin ya rubuta The Lord of the Rings, ya taɓa bambanta fursunan da ke neman hanyar fita kurkuku da sojan da ya tsere daga fagen fama. Hausawan 1933 sun fi kusa da na farko. An karɓe mulki daga hannunsu, abin da ya rage musu shi ne ikon tunawa cewa su ma maza ne. Ban da haka, marubucin bai bar jaruminsa a can ba. Ya dawo da shi gida ya tarar mulkin Turawa ya kafu, dole ya zauna da abin da ya tarar. Mafarkin da ke mayar da mai shi gida da sauran ƙarfi a jikinsa, ban ga laifinsa ba.

Damuwa ta biyu ta fi nauyi, kuma ban sami abin da zai sauke mini ita ba. Nagwamatse, ubangidan Gandoki, tarihi ya san shi da kai hari ƙasar Gwari yana kama bayi. A bakin Gandoki waɗanda ake kai wa hari arna ne kawai, ana ƙirga su kamar dami, ba suna, ba uwa, ba gona. Da labarin ya koma duniyar aljanu ma haka abin ya ci gaba: jarumtakar mutum ɗaya tana bukatar dubban mutanen da ba za a tambayi ra'ayinsu ba. Littafin ya koya mini jin zafin abin da bindiga ta yi wa mai takobi, ya yi shiru game da abin da takobi ya yi wa mai fartanya.

Ɗan Katsina na yau ba zai iya karanta kalmar hari da sanyin zuciya ba. Mun ga ƙauyukan da aka tashe su cikin dare, mun ga gonakin da aka bari ciyawa ta cinye. A watan Disamba na 2020 an kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Ba ina daidaita mayaƙan da da 'yan bindigar yanzu ba ne, domin zamani da dalili sun bambanta. Sai dai ga matar da aka fizge wa ɗa daga hannu, ƙarar kofato da ƙarar babur abu ɗaya suke nufi. Mu da muke kwana da fargaba a ƙasar Kankiya da Kusada, mun fi kama da mutanen ƙauyen da ke cikin labarin fiye da mahayin da muke yi wa tafi.

Abin sha'awa, gasar da ta haifi Gandoki ita ce ta haifi amsarsa. A Shaihu Umar, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya bi yaron da aka sace, da uwar da ta ratsa hamada tana nemansa. Abin da littafi ɗaya ya ƙirga a jimla, ɗayan ya ba shi suna da hawaye. Ga alama tun a 1933 marubutanmu sun san labarin yana da fuska biyu.

Saboda haka ba na goyon bayan mai cewa a ajiye Gandoki, kamar yadda ba na goyon bayan mai haɗiye shi ba tauna. Haƙƙin marubuci ne ya ba mu jarumi yadda jarumin ke ganin kansa, nauyin mai karatu ne ya ƙirga waɗanda jarumin bai ƙirga ba. Da ni ke tsara manhaja, da na haɗa littattafan biyu a zango ɗaya, a karanta wa ɗalibai kirarin Gandoki da murya mai ƙarfi yadda ya cancanta, sa'an nan a ce kowane ɗalibi ya rubuta labarin dare guda daga bakin wata mata a ƙauyen da rundunarsa ta bi ta ciki.