Hawa bisa hawa: wa ke riƙe da amanar mai salula?

Manomin Guci da ya latsa salula ya aika wa ɗansa saƙon murya a Kano, a ganinsa aiki guda ya yi. Alhali ayyuka ne jere, wani bisa wani kamar tubalin gini. Can ƙasa akwai ƴan mitsi-mitsin makunnai da ba su san komi ba sai kunnawa da kashewa, wato 1 da 0. Bisansu harshen na'ura yake, sannan babbar manhaja irin Android, sannan ƙa'idojin da ke yanka saƙo gutsi-gutsi su raka shi inda za shi, kafin a iso ga WhatsApp da ɗan yatsa. Kowane hawa yana ɓoye wa na samansa wahalar da ke ƙarƙashi. A 1984 ma, masana sun kasa sadarwar kwamfuta hawa 7.

Wannan ɓoyo ba aibi ba ne. Mai shan ruwan randa ba a ɗora masa sanin wanda ya gina rijiya, kuma da sai an ƙware a nahawu ake buɗa baki, da gari ya yi tsit. To amma duk rashin sanin da mutum ya yarda ya zauna da shi, amana ce ya miƙa wa wani. Wane ne wannan wanin?

Ba a cika ganin fuskarsa ba sai ranar da hawan ƙasa ya motsa. A Fabrairun 2021, bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, an katse intanet na salula a Nijar kimanin kwana 10. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, takunkumin CEDEAO ya rufe iyaka, ya tauye hada-hadar banki, Nijeriya ta yanke lantarki, har zuwa Fabrairun 2024. Manhaja tana nan lafiya lau a hannun mai ita, abin da ke tallabe da ita ne aka zare.

Daga nan ake gane kwaɗayin hanyoyin sadarwa marasa cibiya. Tun 1964 Paul Baran ya zana tsari a Amurka mai kama da koma: in zare ɗaya ya tsinke, saƙo ya kewaye ta wani. Bitcoin, da ya fito a 2009, ya ɗauki littafin lissafin kuɗi ya rarraba wa dubban na'urori, don kada mutum guda ya iya goge layi. Bahaushe ba baƙo ba ne a nan. Fataken goro tsakanin Kano da Gwanja sun yi ta cin bashi da biya daga zango zuwa zango, ba sarki ɗaya da ke mallakar hanyar duka. Sai dai kowane maigidan zango yana da suna da fuska; in ya ci amana, labari ya riga ayari isa gaba, kasuwarsa ta mutu. Sabon tsarin kuwa ya musanya mutunci da lissafi. Wanda ya aika kuɗi ga adireshin da ba shi ba, ko ya ɓatar da mabuɗinsa, ba shi da uwar adashen da zai tsare a ƙofar gida. An raba iko, gaskiya ne, amma har alhaki aka raba, aka yi masa ƙanana ta yadda ba mai ɗauka.

Kuma rashin cibiyar a hawan sama kaɗai yake. Yana buƙatar wuta da rezo da igiyoyin ƙarƙashin teku, irin waɗanda suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma ranar 14 ga Maris 2024, Nijar kuwa ba ta da teku. Masu sayen irin wannan kuɗi ma, galibi ta hannun babban dillali suke bi, kamar Binance, wanda a cikin wannan watan ya daina hulɗa da naira bayan takaddama da gwamnatin Nijeriya.